Karnukan da Suka Yi Jarumta a Tsofaffin Mujallun Zane na Amurka

A shekarar 1949 mujallar labarun zane ta Green Lantern ta fito a karo na 38, daga nan aka rufe ta. Tauraron mujallar, Alan Scott, jarumi ne mai zoben sihiri, wanda yaran Amurka suka sani tun 1940, suka bi shi tsawon shekarun yaƙin duniya na biyu. Amma hoton da ya cika bangon wannan fitowa ta ƙarshe ba nasa ba ne. Na karensa ne, wani mai suna Streak, wanda marubuci Robert Kanigher da mai zane Alex Toth suka shigo da shi a fitowa ta 30, farkon 1948. Bai cika shekara guda ba ya fara karɓe bango, kuma bango shi ne fuskar da ake tallar mujalla da ita. Masu kamfanin DC ba don son dabbobi suka yi haka ba. Sun lura yaro mai santi goma a hannu ya fi saurin miƙa kuɗinsa idan ya ga kare ya yi tsalle cikin haɗari, a kan ya ga mutum sanye da alkyabba yana shawagi a sama.

Masu nazarin waɗannan mujallu sun saba ɗaukar karnukan a matsayin abin kunya, wato shirmen da ya shigo sana'ar lokacin da ta rasa alƙibla. Ban yarda da wannan hukunci ba. Akwai shirme, kuma zan nuna inda yake. Sai dai wanda ya zauna ya bi labaran daga 1939 zuwa 1986 zai ga karen ya yi wa waɗannan jarumai aikin da ƙarfinsu ya kasa yi musu, zai kuma ga cewa labarin yakan yi kyau ne gwargwadon yadda aka bar kare a matsayin kare. Duk inda aka mai da shi mutum mai ƙafa huɗu, nan labarin ke lalacewa.

Karen jarumi ya girmi jarumin mujalla. A 1918, ana dab da gama yaƙin duniya na farko, wani sojan Amurka mai suna Lee Duncan ya tsinci 'yan kwikwiyo a wani ɗakin karnuka da bom ya rusa a Faransa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Rin Tin Tin, wanda ya zama tauraron finafinan da ba su da sauti, ya kuma tara wa kamfanin Warner dukiya kafin ya mutu a 1932. Sai Lassie, karyar da Eric Knight ya ƙirƙira a gajeren labari a 1938, ta zama littafi a 1940, ta zama fim a 1943. Kafin Superman ya fito a 1938, Ba'amurke ya riga ya saba da ganin kare yana ceton yaro daga kogi, yana kamo ɓarawo, yana tafiyar kwanaki don ya koma gida. Shi ya sa da kamfanin MLJ, wanda daga baya ya zama Archie, ya fitar da mujallarsa ta farko, Blue Ribbon Comics, a Nuwamban 1939, kare ya sa a gaba: Rang-A-Tang, wanda ya gudo daga hannun mugun mai wasa da dabbobi ya haɗu da wani ɗan sandan ciki. Ko sunansa ma an gina shi ne a kan na Rin Tin Tin.

Yaƙi ya ƙara wa abin armashi. A farkon 1942 aka kafa ƙungiyar da ke karɓar karnukan gida daga hannun iyalai don a horar da su aikin soja, dubban gidaje kuma suka ba da nasu. Ɗaya daga cikin waɗannan karnuka, Chips, ya afka wa ramin da sojojin Italiya ke harbi daga ciki a tsibirin Sisili a 1943, har mutanen da ke ciki suka fito suka miƙa wuya. Yaron da ke karanta mujalla a wannan lokaci yana iya kasancewa ya ba da nasa karen da hannunsa. A ƙarshen 1942 ɗin ne kamfanin Fawcett ya ba Bulletman da Bulletgirl wani kare, Bulletdog, aka ɗaura masa abin wuya mai sa shi tashi sama. Amma bai bar wani tarihi mai yawa ba.

Da aka gama yaƙi kasuwar jarumai masu alkyabba ta faɗi. An gama da Hitler, babu wanda za a naushe. Mujallar Flash ta mutu a 1949. Ta Captain America ta koma labaran ban tsoro kafin ta tsaya. All-American Comics da All Star Comics duk suka rikiɗe suka zama labaran kaboyi. Superman da Batman da Wonder Woman na cikin 'yan kaɗan da suka ci gaba da fitowa a mujallunsu ba yankewa. A cikin wannan fari ne Kanigher da Toth suka sake gwada dabarar Streak, amma a wannan karon suka cire jarumin gaba ɗaya. A farkon 1952 aka fara The Adventures of Rex the Wonder Dog, ta yi fitowa 46 har zuwa ƙarshen 1959. Shekara takwas kenan kare yana riƙe da mujalla shi kaɗai, a lokacin da manyan jarumai da yawa suka kasa riƙe tasu.

Rex farin kare ne, irin na Jamus ɗin nan da 'yan sanda ke yawo da shi. Tsohon soja ne, yana zaune gidan wani Manjo Dennis, abokin yawonsa kuma ɗan gidan, Danny. Ba ya tashi sama, harsashi na iya huda shi. Abin da yake da shi hanci ne, da kunne, da horo, da zuciyar da ba ta ja da baya. Bayan fitowar farko-farko John Broome ya karɓi rubutun, Gil Kane ya karɓi zanen, kuma a nan Kane ya goge. Zanen kare yana gudu ba ƙaramin aiki ba ne. Ba shi da fuskar da za a sa wa murmushi ko ɗaure gira, ba shi da hannun da zai nuna abu. Tsoro da fushi da shawara duk sai an fitar da su ta kunnuwa, da wutsiya, da yadda ya danne ƙirjinsa ƙasa kafin ya zabura. Wanda ya duba shafukan Kane na wannan zamani zai ga jikin Rex yana miƙewa daga kusurwar shafi zuwa ɗaya kusurwar, ido yana binsa ba tare da ya nemi rubutu ba. Wannan ƙwarewa ba ta tafi a banza ba. A daidai watannin da aka rufe mujallar Rex a 1959, Broome da Kane da editansu Julius Schwartz suka fito da sabon Green Lantern, Hal Jordan, a mujallar Showcase. Hannun da ya koyi zana motsi a jikin kare shi ya zana jarumin da ya taimaka wajen farfaɗo da sana'ar.

Amma a mujallar Rex ɗin ne kuma cutar ta fara nuna kanta. Kowane wata biyu sai an samo abin da ya fi na baya ban mamaki. Rex ya yi faɗa da damisa da kerkeci, wannan mai yiwuwa ne a labari. Sai ga shi yana hawan doki. Sai ga shi ya zama sarkin girmamawa na wata ƙabilar 'yan asalin Amurka, waɗanda dama ba a zana su da mutunci a mujallun lokacin. Sai ga shi gaba da gaba da ƙaton dabbar zamanin da, irin waɗanda suka ƙare tun kafin a yi mutum. Yaro zai yi dariya, zai kuma saya, ban musa ba. Sai dai a irin waɗannan shafuka za ka iya goge karen ka zana mutum a gurbinsa ba abin da zai canja. Labaran Rex da ke zama a rai su ne ƙanana: yaro ya ɓata a daji, gobara ta tashi, an bar kare da abin da Allah ya hore wa kare.

Shekarar 1954 ta girgiza sana'ar. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi mai suna Seduction of the Innocent, yana ɗora wa mujallun zane laifin lalacewar tarbiyyar yara. A watan Afrilu wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a kan maganar, kuma kafin shekara ta ƙare kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tacewa mai tsauraran dokoki: ba jini, ba raina ɗan sanda, mugu kuma dole ya ga sakayya. Wertham bai bar Batman ba, ya yi zargin cewa zamansa da yaronsa Robin a gida ɗaya yana cusa wa yara tunanin da bai dace ba. A wannan shekara ce kuma Lassie da Rin Tin Tin suka shiga talabijin, kowanne da shirinsa na mako-mako, iyaye suna zaunar da 'ya'yansu a gaba hankali kwance. Edita mai neman abin da uwa ba za ta yaga ba idan ta gani a jakar ɗanta bai buƙatar dogon tunani. A Maris ɗin 1955 Krypto, karen Superman, ya fito. Wata uku bayan haka Batman ya sami nasa.

Wannan shi ne dalilin kasuwa, kuma gaskiya ne. Amma dalilin kasuwa ba ya bayyana abin da ya sa labarin Krypto na farko ya fi ƙarfin dalilin da ya haife shi.

Otto Binder ne ya rubuta shi, Curt Swan ya zana, a Adventure Comics fitowa ta 210. Mujallar tana ba da labarin Superman ne tun yana yaro, lokacin da ake kiransa Superboy, a ƙauyen Smallville. Wani farin kare ya bayyana a garin yana abin da kare ba ya yi: ƙarfe ba ya riƙe shi, yana tashi sama. Ya ja yaron har inda wani ƙaramin kumbo ya faɗo, a ciki kuma akwai takarda. Daga nan aka gane cewa Jor-El, mahaifin yaron, kafin ya ɗora jaririnsa a kumbo ya tserar da shi daga duniyar Krypton mai shirin tarwatsewa, sai da ya yi gwaji. Abin da ya yi gwajin da shi kuwa ɗan kwikwiyon jaririn ne. Kumbon ya kauce hanya, ya yi shekaru yana gantali a sarari, sannan ya faɗo inda na yaron ya faɗo.

A dubi abin da ke cikin wannan. Uba ya ɗauke abokin wasan ɗansa ya harba shi sama, bai san ko zai rayu ba, don ya tabbatar ɗan zai tsira. Ba mugunta ba ce, kuma ba tsarki ba ne, hali ne na wanda lokaci ya ƙure wa. Shekara biyu da 'yan watanni bayan fitowar labarin, a Nuwamban 1957, Tarayyar Sobiyet ta sa wata karya mai suna Laika a kumbon Sputnik na biyu ta harba, ba tare da wani shirin dawo da ita ba, kuma a can ta mutu. Binder marubucin labaran kimiyya ne tun kafin ya shiga mujallun zane, ya san ana gwada rokoki da dabbobi, don Amurkawa sun riga sun harba birai tun ƙarshen shekarun 1940. Ya ɗauki abin da ke faruwa a zahiri ya saka shi a tarihin gidan jarumin da ya fi kowa tsabta.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Superboy maraya ne irin wanda ba a taɓa yi ba: ba iyayensa kaɗai suka mutu ba, duniyarsa ce ta mutu. Ma'auratan da suka riƙe shi suna ƙaunarsa, amma ba su san yadda iska ke bugun fuska a saman gajimare ba. Ba shi da abokin kokawa, don duk wanda ya riƙe da ƙarfi zai karye. A shekarar 1955 babu 'yar'uwarsa Supergirl, sai 1959 za ta zo. Saboda haka abin da yaron ya fara samu daga gida, mai rai, mai jin abin da yake ji, kare ne. Murnar da Swan ya zana a fuskarsa murnar wanda ya daɗe a baƙon gari ce ya ji an yi masa sallama da harshensu.

Binder bai bar murnar ta tafi sumul ba, kuma a nan gwanintarsa take. Krypto yana da ƙarfin Superboy amma hankalinsa na kare ne. Abin da kwikwiyo ke yi da takalmi shi yake yi da ƙarafan gini da jiragen sama. Bai san akwai wani sirri da ake ɓoyewa ba, yana iya zuwa ya yi wa Clark Kent, wato Superboy cikin kayan gida, fara'a a gaban jama'a ya tona asirin da aka daɗe ana rufewa. Yaron da bai taɓa gajiya ba sai ga shi yana bin bayan wani yana gyara ɓarna, wato ya ɗanɗana abin da iyayen riƙonsa suka sha a kansa. A ƙarshe karen ya ga faɗin sarari ya fi masa ƙauye, ya tafi yawonsa, aka bar yaron yana kallon sama da ƙwalla. An shirya labarin ne a matsayin na fitowa ɗaya. Masu karatu suka nemi a dawo da shi, cikin 'yan watanni aka dawo da shi.

Karen Batman daban yake, kamar yadda ubangidansa yake daban. Bill Finger ya rubuta, Sheldon Moldoff ya zana, a Batman fitowa ta 92. Sunansa Ace, asalinsa na wani John Wilker ne, mai sana'ar sassaƙa zane a kan ƙarfe, wanda masu buga jabun kuɗi suka sace don ya yi musu aiki. Batman da Robin suka tsamo karen daga ruwa, suka bi hancinsa har inda aka ɓoye mai shi. Da yake Bruce Wayne, wato Batman cikin kayan gida, ya riga ya ba da cigiyar mai kare, kuma Ace yana da wani tabo a goshi da kowa zai gane, sai aka rufe masa kai da baƙar hula irin ta ubangidansa. Mutane da yawa wannan hula suke yi wa dariya. Ni ina ganin ta fi alkyabbar Krypto hujja, don tana da dalili a cikin labarin. Kuma Ace ya dace da gidan da ya shiga. Batman mai bincike ne, aikinsa bin sawu, kare kuwa yana da abin da duk na'urorin kogon Batman ba su da shi. Inda abin ya fara kaucewa shi ne da aka sa masa na'urar kira a wuya, aka ƙera masa wata dabara da zai zura kai ya sa hularsa da kansa idan an neme shi. Daga nan ya tashi daga kare ya koma ma'aikaci.

Ace ya buɗe ƙofa ga abin da ake kira iyalin Batman: Batwoman a 1956, Bat-Mite a 1959, Bat-Girl a 1961. Masu nazari da dama suna danganta wannan taro da ƙoƙarin wanke Batman daga zargin Wertham, a mai da gidansa gida irin na kowa, mai mata da yara da dabbar gida.

Me karen ke yi wa labari, ban da jawo kasuwa? Na farko, yana ba jarumi wanda zai ji tsoro a kansa. Mutumin da harsashi ba ya huda ba ya ba mai karatu fargaba, amma idan yana da abin da yake ƙauna wanda ba ya jin magana, fargaba ta samu. Na biyu, yana ba yaro mai karatu wurin tsayawa. An ƙirƙiro Robin a 1940 don yaro ya ga kansa a labarin, sai dai Robin gwani ne, ɗan masu wasan tsalle-tsalle, ya fi kowane yaro. Kare kuwa yaro ya san shi. Ya san yadda ake yi masa tsawa, ya san yadda yake lafewa idan ya yi laifi, don shi ma haka ake yi masa. Yaron da ba zai taɓa zama Superboy ba yana iya zama mai kare, kuma a wasu ranakun shi ne karen: ƙarfi ya yi masa yawa, niyyarsa mai kyau ce, ɓarna kuma tana biye da shi.

Mai karatu Bahaushe zai iya jin abin banbaraƙwai, don a wurinmu kare ba ɗan ɗaki ba ne, kuma sunansa zagi ne a bakin mutane. Amma mu ma ba baƙin wannan tunani ba ne. Duk wanda ya zauna da mafarauta ya san yadda maharbi ke ambaton karensa da suna, yana ba da labarin ranar da ya tsaya masa a daji. Kuma duk mai karanta Suratul Kahfi ya san an ambaci karen samarin nan a bakin kogo, an lissafa shi tare da su. Abin da aka girmama a can shi ne abin da Binder da Finger suka taɓo a nasu ƙaramin fagen: dabbar da ta zauna a inda aka bar ta, ba don an biya ta ba.

Matsalar da ta fi damun marubutan ita ce ta magana. Kare ba ya magana, mujallar zane kuma rabinta rubutu ne. Mafitar da suka samu ita ce ɗan gajimaren nan da ake zanawa saman kai don nuna tunani. A zamanin edita Mort Weisinger, wanda ya riƙe mujallun Superman har 1970, Krypto ya koma yana tunani da cikakkun jimloli, yana ƙulla dabara, yana kishi, yana bayyana wa mai karatu abin da ido ya riga ya gani. Wani lokaci abin yana da daɗi, musamman idan tunanin na kare ne, na ƙashi da yabo da son a shafa masa kai. Amma sau da yawa gajimaren yana kashe abin da ya sa karen ya zama abin so. Ƙaunar kare tana da ƙarfi ne saboda ba ya iya faɗinta, sai dai ya nuna. Da zarar ya fara zayyana dalilansa, ya zama ƙaramin Superman mai wutsiya.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Beppo, biri daga Krypton, a 1959. Streaky, kyanwar Supergirl, a 1960. Comet, doki, a 1962. A Fabrairun 1962, a Adventure Comics fitowa ta 293, Jerry Siegel, wanda shi ne ya ƙirƙiri Superman tare da Joe Shuster, ya tara su ƙungiya guda. Ko a nan akwai tunani mai kyau a gindin labarin: wasu halittu masu sarrafa tunanin mutane sun rinjayi jarumai, amma suka kasa shiga kan dabbobi, don haka dabbobin ne suka ceci duniya. Wato dabba ta yi nasara saboda ita dabba ce. Shekara huɗu bayan haka, a 1966, aka sa Krypto cikin wata rundunar karnukan sintiri ta sararin sama, wani wutsiyarsa na miƙewa, wani haurensa na tsawo, wani jikinsa na zafi, suna sanye da tufafi suna taro suna yaƙi da miyagun kyanwoyi. A nan kam babu sauran kare a cikin labarin. Wanda ya ce wannan shirme ne bai yi ƙarya ba.

Abin lura, a daidai wannan lokaci kamfanin Marvel ya nuna wata hanyar. A Disamban 1965 Stan Lee da Jack Kirby suka fito da Lockjaw a Fantastic Four fitowa ta 45: ƙaton kare mai faɗin baki, mai wani abu kamar eriya a goshi, wanda ke ɗauke mutane daga wuri zuwa wuri cikin ƙiftawar ido. Siffarsa ta fi ta Krypto ban mamaki nesa ba kusa ba, amma Kirby bai sa masa alkyabba ba, kuma ba a cika shafi da tunaninsa ba. Yana zuwa, yana kama abu da baki ya ƙi saki, yana bin waɗanda yake so. Shi ya sa bai tsufa ba.

Sai aka zo shara. A 1964 cinikin Batman ya yi ƙasa, aka miƙa shi ga Julius Schwartz, wanda ya kawar da Ace da Batwoman da Bat-Mite a tashi ɗaya, ba ko sallama. Krypto ya daɗe fiye da haka, yana fitowa jefi-jefi, har zuwa 1986 lokacin da DC ta rushe tsohon tarihin jarumanta ta sake gini. John Byrne, wanda aka ba sabon Superman, ya tsaya a kan cewa shi kaɗai ne ya tsira daga Krypton. Babu 'yar'uwa, babu biri, babu kare. Hujjarsu ita ce masu karatu sun girma, kuma kaɗaicin jarumin zai fi fitowa idan ba kowa tare da shi. Rabin farko gaskiya ne. Rabi na biyu kuskure ne, don kaɗaici ba ya ganuwa a shafi sai an ga abin da mutum ke riƙewa don ya rage shi.

Hujjata tana cikin labarin da aka rufe tsohon zamanin da shi a wannan shekara, Whatever Happened to the Man of Tomorrow?, wanda Alan Moore ya rubuta. Editansa Schwartz ne, mutumin da ya riƙe Rex ya kuma kori Ace. Mai zanensa Curt Swan ne, wanda ya fara zana Krypto shekara 31 kafin nan. Maƙiya sun yi wa Superman ƙawanya a mafakarsa ta ƙanƙara. Krypto, wanda ya daɗe yana yawon sarari, ya dawo ba wanda ya kira shi. Da wani mugu mai jikin kryptonite, dutsen da ke kashe duk ɗan Krypton, ya fasa ya shigo yana neman ubangidansa, karen ya kama shi a maƙogwaro ya ƙi saki. Gubar tana cinsa, jikinsa yana komawa kore, bai saki ba sai da mugun ya mutu, sannan shi ma ya yi kuka ya faɗi. Ba a sa shi ya yi jawabi ba, ba a sa ya bayyana dalili ba. Moore, wanda ake yi wa kallon jagoran masu mai da mujallun zane na manya, bai ga karen a matsayin abin kunya ba. Ya gane cewa shekaru talatin na wasa da ɓarna da kishi sun tara wa wannan dabba wani matsayi a zuciyar masu karatu, ya kuma kashe wannan jari a shafi ɗaya. Mutane da yawa sun mutu a wannan labari, amma mutuwar da masu karatu suka fi ambata har yau ta karen ce.

Korar ba ta ɗore ba. A 1999 shirin katun na Batman Beyond ya nuna Bruce Wayne ya tsufa, kowa ya watse ya bar shi a ƙaton gida, babu mai zama kusa da shi sai wani baƙin kare mai suna Ace, ba hula, ba na'ura. A 2001 Krypto ya koma mujallun Superman, a wannan karon da halin kare sosai, har ƙarfinsa ya zama abin tsoro a cikin gari. Fim ɗin Superman na 2025, wanda James Gunn ya shirya, ya bi wannan layi: Gunn ya ce ya gina halin Krypto ne a kan wani kare da ya ɗauko daga gidan ceton dabbobi, wanda ya addabe shi da ɓarna. Duk waɗanda suka dawo da karnukan nan suka yi nasara sun jefar da gajimaren tunani da rundunar sintiri, sun riƙe abin da Binder da Finger suka fara da shi a 1955.

Wanda ya sami damar ganin tsofaffin labaran, don DC ta sake buga da yawansu a kundaye, ina ba shi shawara ya fara da Adventure Comics fitowa ta 210, ya bi da shafukan Gil Kane na Rex, sannan ya karanta na Moore. Rundunar karnukan sarari kuwa ya bar ta sai ya sami lokacin da ba shi da abin yi da shi.